Ɗaura Fikof a Jitar Lantarki: Daga Awon Mita Zuwa Saitin Tsayi

Fikof shi ne abin da ke ɗauko sautin tsirkiya a jitar lantarki. Yawancin fikof ɗin da ke faɗowa hannun makaɗan jita a wajenmu ba sa zuwa da kwali. Ko dai an ciro su daga wata jitar gwanjo da wuyanta ya karye, ko an yi odarsu ta intanet sun iso a leda, guda uku masu kama ɗaya, babu takardar da ta ce wannan na gaba ne, wancan na baya. Mai jita sai ya ɗaura su yadda hannunsa ya kai. Da ya jona a amfilifaya sai ya ji na kusa da wuya ya cika ɗaki da ruri, na kusa da jaki kuwa, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a gindin jita, murya siririya ba ƙarfi. Ƙaramar mita irin ta masu gyaran rediyo tana raba wannan gardama tun kafin a kwance sukuru ko ɗaya. Sai dai mita tana da iyakarta, kuma wanda bai san iyakar ba lamba za ta yaudare shi.

Me mitar take aunawa?

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, koyil ke nan. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Abin da mita ke nunawa shi ne turjiyar wannan waya, da ma'aunin om. Om 1,000 shi ne kilo-om ɗaya, ana rubuta shi 1k.

Wayar da aka fi naɗa fikof da ita ita ce lamba 42, kaurinta kusan milimita 0.06, kuma kowace mita ɗaya ta tsawonta tana da turjiyar om 5.4 ko kusa da haka. Fikof ɗin jitar Stratocaster ta kamfanin Fender mai nuna 6k ke nan yana ɗauke da waya fiye da kilomita ɗaya, an zagaya ta wajen sau 8,000. Idan fikof biyu wayarsu ɗaya, maganaɗisunsu ɗaya, girmansu ɗaya, to wanda lambarsa ta fi yawa shi ya fi yawan naɗi. Yawan naɗi kuwa yana ƙara ƙarfin murya da kaurinta, yana rage kaifin sama. A nan kaɗai lambar ke faɗin gaskiya kai tsaye, tsakanin 'yan gida ɗaya.

Da an canja kaurin waya lissafi ya rushe. Waya lamba 43 ta fi siranta, turjiyarta ta haura ta 42 da fiye da rubu'i a tsawo ɗaya. Fikof ɗin wuya na jitar Telecaster da ita ake naɗa shi saboda ƙanƙantarsa, shi ya sa za ka iya ganin lambarsa ta kamo ta na jaki ko ma ta wuce, alhali ya fi shi sanyin murya. Kamfanin Seymour Duncan yana sayar da fikof ɗinsa JB mai wajen 16k tare da Jazz mai wajen 7.5k a matsayin saiti guda, kuma duk wanda ya kaɗa su ya san JB bai ninka Jazz ƙara ba. Ƙarfin maganaɗisu ma mita ba ta ganinsa ko kaɗan: fikof mai maganaɗisun siramik da mai na alniko za su iya nuna lamba ɗaya, muryarsu ta sha bamban.

Ga lambobin da za ka sa ran gani, don ka gane lafiyayye da mai ciwo. Mai koyil ɗaya irin na Stratocaster, 5.5k zuwa 6.5k, masu zafi, wato masu ƙarfin murya, su kai 7k ko su ɗan wuce. P-90 na Gibson, wanda ya fito a 1946, wajen 8k. Hambaka mai koyil biyu irin wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, tsakanin 7k da 9k. Hambaka masu zafi da suka biyo bayan Super Distortion na DiMarzio a farkon shekarun 1970, daga 13k zuwa sama. Fikof mai aiki da batir 9V irin na EMG ba ya cikin wannan zance, domin akwai da'irar lantarki tsakanin mitarka da koyil ɗinsa. Kada ka ɓata lokaci kana auna shi.

Kayan aiki

Mita mai lamba, ƙarfen liƙi mai wat 30 zuwa 40, dalmar liƙi ta kayan lantarki, sukudireba mai kan giciye, filaya, rula mai milimita, tef na takarda da biro, tsumma mai kauri, da ƙaramin kamfas. Kamfas ɗin duba alƙibla mai allura ya wadatar.

Mataki na 1: auna kowane fikof shi kaɗai

Juya mita zuwa alamar Ω, ka tsaya a 20k. Haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka tabbata ta nuna sifili ko dab da shi. Sannan ka ɗora fikof a kan tebur, ka danna jan baki a kan waya ɗaya, baƙin a kan ɗayar. Wanne ya hau wanne ba shi da muhimmanci a wannan awon.

Kada ka matse wayoyin da yatsunka biyu. Jikin mutum ma yana wuce wuta, musamman hannu mai gumi, sai lambar ta sauko ba gaira ba dalili. Ka danne su a kan katako, ko ka samo 'yan maƙalai masu haƙori.

Zafi ma yana taɓa awon, kuma wannan ya shafe mu fiye da waɗanda suka rubuta lambobin a kwali. Turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Fikof ɗin da ya nuna 6k a ɗaki mai digiri 20 zai nuna kusan 6.5k a shago mai rufin kwano a Kano ko Agadas cikin watan Afrilu. Ba a cuce ka ba, ba kuma fikof ɗin ne ya ƙara ƙarfi ba. Don haka ka ajiye su wuri ɗaya su huce tare, ka auna su a zama ɗaya, kada ka auna wanda ka gama riƙewa a tafin hannu ko wanda ƙarfen liƙi ya taɓa yanzu.

Idan mita ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, layi ya yanke a wani wuri. Kafin ka yanke ƙauna, duba 'yan ramukan ƙarfe biyu da ke gindin fikof inda siririyar waya ta haɗu da mai kauri. Sau da yawa liƙin wurin ne ya saki, kuma ɗan ɗumi da ɗigon sabuwar dalma yana tashinsa. Idan ta nuna sifili ko wata lamba ƙasa ƙwarai da ta jinsinsa, wayoyi sun haɗe a ciki, sai dai sabon naɗi.

Rubuta lambar kowanne a tef ka manna a bayansa.

Mataki na 2: raba musu gurbi

Dubi igiyar shanya idan iska ta kaɗa ta: tsakiya ke lilo, inda aka ɗaure kuwa da ƙyar yake motsi. Tsirkiyar jita haka take. Kusa da jaki motsinta kaɗan ne, don haka wutar da take haifarwa kaɗan ce kuma muryar tana da kaifi. Kusa da wuya motsin yana da faɗi, murya ta cika. Saboda haka mai yawan naɗi shi ke zuwa jaki ya cike giɓin, mai ƙarancin naɗi ya tafi wuya don kada murya ta dagule.

A ce awonka ya ba ka 5.9k, 6.1k da 6.6k. Na 6.6k jaki, na 5.9k wuya, na 6.1k tsakiya. A hambaka biyu masu 7.5k da 8.3k, babban jaki, ƙaramin wuya.

Amma kafin ka bi lamba, juya fikof ɗin ka duba. Idan masu ƙera shi sun buga N, M ko B a gindi, N na wuya ne, M na tsakiya, B na jaki, kuma maganarsu ta fi ta mita. Tsawon waya ma shaida ce, domin na wuya ya fi nisa da ramin makunnai, don haka wayarsa ta fi tsawo. A hambaka ka sa rula daga tsakiyar sukurun farko zuwa na shida. Tsirkiyoyi suna buɗewa yayin da suke gangarowa jaki, don haka idan ɗaya ya ba ka milimita 49 ko 50, ɗayan 52 ko 53, mai faɗin na jaki ne ko da lambarsa ta gaza.

Idan kuma bambancin bai wuce 0.1k ko 0.2k ba, ni ban ɗauke shi bambanci ba. Stratocaster ɗin shekarun 1950 ba a ware wa kowane gurbi nasa naɗin ba, abin da hannu ya ɗauko shi ake ɗaurawa, kuma su ne jitocin da ake rububinsu har yau. Irin wannan ɗan giɓi rabin juyin sukurun tsayi yana shafe shi.

Mataki na 3: kamfas da gwajin jituwa

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, shi ne kuma ke sa a sake kwance jita bayan an gama ɗaure tsirkiya.

Kawo kamfas kusa da saman kowane fikof mai koyil ɗaya ka ga wane bakin allura yake janyowa. Idan biyu sun ja baki ɗaya, na ukun ya ja ɗaya bakin, to na ukun nan na tsakiya ne, komai lambarsa. An juya maganaɗisunsa an kuma juya naɗinsa da gangan, a kasuwa ana rubuta masa RWRP. Amfaninsa shi ne idan makunni ya haɗa shi da na wuya ko na jaki, a matsayi na 2 da na 4 cikin matsayi biyar na makunnin, ƙugin wutar lantarki yana mutuwa. Wanda ke kaɗa jita a wajen biki da janareta a bayan rumfa ya san darajar wannan. Idan ka kai shi jaki don lambarsa ta ɗan fi, ka yi asarar shirun a ɗaya daga matsayin biyu.

Sai gwajin jituwa. Mayar da mita kan awon wutar batir mafi ƙanƙanta, 200mV. Jan baki a wayar sauti, baƙi a wayar ƙasa, wato wadda ake liƙawa a bayan gwangwanin boliyum. Kwantar da sukudireba a kan maganaɗisun, ka bari lamba ta natsu, sannan ka fizge shi sama da sauri. Lambar za ta yi tsalle, ko da alamar ragi a gabanta ko babu. Maimaita har ka tabbata, ka yi wa sauran haka. Dukkansu ya kamata su yi tsalle ɓangare ɗaya, har da na tsakiyan nan. Wanda ya saɓa, idan aka haɗa shi da ɗan'uwansa, muryar za ta fito siririya ta hanci, ƙasan sauti ya ɓace.

Maganinsa a fikof irin na Stratocaster shi ne musanya wayoyinsa biyu. A fikof mai murfin ƙarfe ko farantin ƙarfe a gindi, musanya kai tsaye tana mayar da murfin cikin layin sauti, da ka taɓa shi sai ƙara. Dole a raba murfin da wayar koyil, a ba shi tasa wayar ƙasa. Juya hambaka gaba ya koma baya kuwa ba ya gyara saɓani, kada ka wahalar da kanka.

Mataki na 4: wayoyin hambaka

Hambaka mai wayoyi huɗu da tsirara ɗaya yana rikita mutane saboda kowane kamfani da launinsa. A Seymour Duncan baƙa ce ta sauti, kore da tsirara su tafi ƙasa, ja da fara a liƙe su tare a naɗe da tef. A DiMarzio ja ce ta sauti, kore da tsirara ƙasa, baƙa da fara a haɗe. Na kamfanin da ba ka sani ba, mita za ta warware maka. Gwada wayoyin bibbiyu: biyun da suka ba da lamba koyil ɗaya ne, kuma lambar za ta zama kusan rabin ta fikof ɗin gaba ɗaya, misali 4.1k da 4.2k. Yi wa kowane koyil gwajin sukudireba ka gano wayar da ke ba da tsalle sama, wato ba alamar ragi, idan jan baki na kanta. Ta koyil na farko ita ce ta sauti. Abokiyarta ka haɗa da mai tsalle sama ta koyil na biyu, wadda ta rage ta tafi ƙasa tare da tsirara. Auna daga farko zuwa ƙarshe, ka ga jimillar biyun, 8.3k.

Mataki na 5: cire tsoho, ɗaura sabo

Zare wayar amfilifaya, cire tsirkiyoyi. A Stratocaster komai yana jikin farantin roba, ka kwance sukurorinsa ka kifa shi a kan tsumma, a hankali, domin wayar soket da wayar ƙasa ta jaki suna riƙe da shi. A Les Paul ramin makunnai a baya yake. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, daga kusurwa biyu ko uku, yadda kowace ƙafar makunni za ta fito.

Narkar da liƙin tsofaffin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kada ka yanke su, wata rana za ka nemi tsawon. Zura sabon fikof a gurbinsa da sifirin ko 'yar robar da ke kan sukuru. Idan maganaɗisunsa ba tsayi ɗaya ba ne, mafi gajarta yana zama ƙarƙashin tsirkiya ta biyu daga sirara. Kada ka ce za ka danna su su daidaita. A fikof irin na da, wayar a jikin maganaɗisun take naɗe, turawa ɗaya ta isa ta tsinka ta. A hambaka al'adar Gibson ita ce layin sukurori na fikof ɗin wuya ya dubi wuya, na jaki ya dubi jaki.

Wayar sauti tana zuwa ƙafar makunnin zaɓi a Stratocaster, a Les Paul kuma ƙafar boliyum ɗin wannan fikof. Wayar ƙasa tana zuwa bayan gwangwanin boliyum. Shafa wa bakin kowace waya dalma tukuna. Bayan gwangwanin ka ɗan kankare shi ya yi haske, ka ɗora ƙarfe mai zafi sosai na 'yan daƙiƙu ka ɗauke. Ƙarfe mai sanyi da aka daɗe ana dannawa shi ke dafa cikin boliyum. Liƙi mai kyau yana sheƙi ya kwanta, wanda ya dunƙule ya yi toka-toka a sake shi.

Tunda ka buɗe, karanta abin da aka buga a jikin boliyum. An saba haɗa mai koyil ɗaya da 250k, hambaka da 500k. Hambaka mai zafi a kan 250k yakan yi duhu, mai koyil ɗaya a kan 500k yakan yi tsini.

Mataki na 6: auna ta soket kafin ka rufe

Soka gajeriyar wayar jita a soket, buɗe boliyum har ƙarshe, ka auna tsakanin kan filogi da jikinsa a kowane matsayi na makunni. Lambar za ta ɗan gaza wadda ka rubuta a tef, domin boliyum ya shiga lissafi: fikof mai 6.6k a kan 250k zai nuna wajen 6.4k. A matsayin da ya haɗa biyu za ka ga kusan rabi, 3k da ɗan ɗori. Sifili na nufin wayar sauti ta taɓa ƙasa. Idan mita ta cika a 20k, ka matsa zuwa ma'auni na sama. Ka ga wajen 250k ko 500k? Boliyum kaɗai kake aunawa, fikof bai shiga layi ba. Ka ga 30k ko 50k? Boliyum ɗin ne ba ka buɗe duka ba.

Daga nan jona amfilifaya da murya ƙasa-ƙasa, ka ƙwanƙwasa maganaɗisun kowane fikof da sukudireba. Wanda makunni ya zaɓa zai amsa da ƙarfi. Idan na wuya ke amsawa a matsayin jaki, ka musanya ƙafafunsu yanzu.

Mataki na 7: tsayi

A nan aikin mita ya ƙare. Fikof mai 6k da aka matso da shi kusa da tsirkiya zai iya danne mai 7k da aka bari a can ƙasa, don haka duk rabon gurbin da ka yi sai saitin tsayi ya tabbatar da shi.

Ɗaura tsirkiyoyi, saita muryarsu, ka tabbata tsayinsu a kan wuya ya yi maka, domin in ka taɓa jaki daga baya awon ya tashi. Danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe, wato sandar ƙarfe ta ƙarshe a kan wuya, ka auna daga ƙasanta zuwa kan maganaɗisu. Yi haka a mafi siranta. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga fikof irin na da shi ne milimita 2.4 a ɓangaren kauri, 2 a ɓangaren siranta. Ga hambaka a jitar Gibson an saba farawa da 2.4 a wuya, 1.6 a jaki. In rula ba ta shiga, alanki mai milimita 2 ko 2.5 yana zama ma'auni, ka zura shi a tsakani. Fikof da ke rataye a faranti ko zobe, ɗaure sukuru ɗaga shi yake yi. Wanda aka kafe a katako kai tsaye, ɗaurewa saukar da shi take yi.

Waɗannan lambobi mafari ne kawai. Saita amfilifaya a murya tsabtatacciya, a ƙarfin da kake kaɗawa a fili, ba na cikin ɗaki da dare ba. Fara da na jaki, domin shi ne mai rauni. Ɗaga shi rubu'in juyi, kaɗa, saurara, har ya yi ƙarfi bai fara tsawa ba. Sannan ka sauke na wuya har ƙararsu ta zo ɗaya idan ka juya makunni a tsakiyar kiɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaga na jaki har ya kusa taɓa tsirkiya don ya kamo na wuya, alhali na wuyan ya kamata a sauke. Na tsakiya ya bi bayansu, kuma idan yatsanka ko abin kaɗawa yana karo da shi, sauke shi kaɗan ba laifi.

Ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri kullum ya fi ƙasa, domin sun fi ƙarfe kuma sun fi faɗin lilo. Kaɗa su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi ɗaya ka ji ko wata ta yi fice. A hambaka sukurori shida na sama suna ba ka damar gyara kowace tsirkiya ita kaɗai, rabin juyi ya isa.

Akwai wata cuta ta fikof masu sandunan alniko. Idan na wuya ya matso da yawa, maganaɗisun yana jan tsirkiya ya hana ta lilo yadda ya kamata. Danna mafi kauri a firet na 12 zuwa sama: za ka ji murya biyu suna kokawa, sautin yana rawa, yana mutuwa da wuri, na'urar saita murya ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Mutane sukan ɗora laifin a kan tsirkiya ko jaki su kashe kuɗi a banza. Sauke ɓangaren kauri na fikof ɗin wuya juyi ɗaya, ka sake gwadawa.

Ƙugin da ya rage a matsayi na 1, 3 da 5 halin mai koyil ɗaya ne, yana raguwa in ka nisanci amfilifaya, janareta da cajar waya. Wanda ke ƙaruwa idan ka taɓa tsirkiya alama ce ta an juya wayoyin soket. Wanda taɓa tsirkiya ba ya rage shi ko kaɗan, duba wayar ƙasa ta jaki, wataƙila ta tsinke lokacin da ka kifa faranti. Idan kuwa tsirkiya tana jan hannunka ko makirufo yana cizon leɓenka, wannan ba aikin fikof ba ne. Wuta ce ke zubowa daga amfilifaya ko daga layin da ba shi da wayar ƙasa, kuma tana kisa. Kashe, zare filogi daga bango, ka kai wa mai gyara kafin ka sake rataya jitar.